Yadda ake mayar da motar wasa ta koma kat-san-kat ɗin maigida

Duk wanda ya yi wayo a ƙasar nan tsakanin samun mulkin kai da shekarun 1990 ya san motar nan Peugeot 404, wadda jama'a suka fi sani da suna kat-san-kat. Ita ce ta kai amare gidajen mazajensu, ita ce ta kai maniyyata filin jirgin sama na Yamai, kuma ita ce ta sha ɗawainiyar ƴan kasuwa tsakanin Maraɗi da Katsina, ko tsakanin Damagaram da Kano, a lokacin da kwalta ba ta game manyan hanyoyi ba. A yau kuwa mutum sai ya wuni a bakin tasha bai ga ko guda ba, in ban da wata tsohuwar bashe da kan ɓullo jefi-jefi ran kasuwar ƙauye, tana tafe tana nishi. Sauran sun ƙare a hannun masu sayen ƙarfe da maƙera: an yi fartanya da wuƙa da sifirin ɗinsu, an yi murhu da ƙyaure da jikinsu. Wanda ya riƙe irin wannan mota shekara goma ko ashirin, ya ci da iyalinsa da ita, ya aurar da ƴaƴa da kuɗinta, sau da yawa abin da ya rage masa bai wuce hoto guda ba, shi ma ya fara dusashewa.

Akwai wata sana'ar hannu da ta daɗe da kafuwa a Faransa da Ingila da Jamus, wadda ta dace da irin wannan rashi. Mutum yakan nemi ƙaramar mota ta ƙarfe, irin wadda kamfanoni ke ƙerawa daidai da siffar ta gaske, ya warware ta, ya kankare fentinta, ya sake mata launi da ƙafafu da lamba da duk wata alama, har ta tashi daga zama kowace 404 ta koma tasa shi kaɗai. Da yawa daga masu wannan aiki dattawa ne da suka ajiye aiki, ko kuma ƴaƴan da ke son yi wa mahaifi kyautar da ba a saye a kanti. Kowane yaro da ya taɓa lanƙwasa waya ko langa-langa ya yi mota, ko ya fere kara ya haɗa mata ƙafafu, ya riga ya san somin-taɓin aikin. Sai dai motar waya ta isa idan ta yi kama da mota. Wannan kuwa tilas ta yi kama da mota guda tak, wadda waɗanda suka shige ta suna nan da ransu, kuma za su duba su ce ita ce, ko su girgiza kai su yi shiru.

Motar da ake magana a kanta

Kamfanin Peugeot ya fito da 404 a shekarar 1960 daga masana'antarsa ta Sochaux, a gabashin Faransa. Gidan zanen motoci na Pininfarina, a ƙasar Italiya, shi ne ya tsara siffarta, da miƙaƙƙun gefuna da fitilun baya a tsaye bisa wasu ƴan fukafukai. Injinta na fetur mai lita 1,6 ne, akwai kuma mai aiki da gazuwal, kuma sandar giya a jikin sitiyari take. A 1962 aka ƙaro doguwar, mai layin kujeru uku, wadda ake kira familiyal, sa'an nan a 1967 aka fito da mai buɗaɗɗen baya da rufin tampol, wato bashe. An daina ƙera ƙaramar a Faransa a 1975, amma an ci gaba da haɗa 404 a Afirka, inda ƙasar Kenya ta riƙe aikin har 1991. A can gabashin Afirka ɗin ne ma ta yi sunan da ya bi ta ko'ina, domin ta ci tseren Safari sau huɗu, a 1963, 1966, 1967 da 1968. Ƙanwarta 504 ta fito a 1968, kuma masana'antar Peugeot ta Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975, ta yi ta haɗa ta har tsakiyar shekarun 2000.

Motocin nan ta ƙofofi dabam-dabam suka shigo Nijar. Wasu sababbi aka sayo su a gidajen ciniki na Yamai. Wasu sun tsallako daga Najeriya. Wasu kuma, masu yawan gaske a shekarun 1970 da 1980, samarin Turai ne suka tuƙo su daga Faransa ko Jamus, suka ratso Aljeriya ta Tamanrasset da In Gezzam, suka shigo ta Assamaka da Arlit, suka sayar da su a Agadas ko Tawa ko Yamai, suka koma gida a jirgi da kuɗin. Hanyar ta mutu a farkon shekarun 1990 saboda rashin zaman lafiya a hamada. Karyewar darajar kuɗin sefa a watan Janairu na 1994 ta sa kayan gyara na Faransa suka yi tsada, motocin Japan na hannu kuma suka kwararo ta Kwatano da Lome, daga nan kat-san-kat ta fara ja da baya.

Wannan tarihi yana da amfani ga mai aikin, domin ƙofar da mota ta shigo ta cikinta takan bar alama a jikinta. Wadda aka tuƙo daga Faransa takan zo da fitilun gaba masu ruwan ɗorawa, tun da dokar ƙasar ta tilasta haka har zuwa 1993, kuma direbobi da yawa ba su canja su ba sai da suka mutu. Wadda aka sayo a Kano kafin watan Afrilu na 1972, lokacin da Najeriya ta koma bin hannun dama, mai yiwuwa ne sitiyarinta a dama yake. Shekarar ƙira ma tana da nata: na farko-farko suna da ma'aunin gudu mai tsawo a kwance, daga wajen 1967 kuma aka koma agogo uku masu da'ira a gaban direba. Ƙafar ƙaramar 404 noti uku ke riƙe ta, ta familiyal da ta bashe noti biyar. Tsohon karen mota da ya sha canja taya a rana tsaka tsakanin Dogon Dutsi da Ƙonni ba ya mance wannan, kuma shi ne abu na farko da idonsa zai kai.

Lissafin ma'auni

Ana ƙera ƙananan motocin nan bisa ma'auni sananne. Wanda ya fi yawa shi ne 1/43, wato kowane santimeta 43 na motar gaske ya koma santimeta guda. Asalin wannan adadi daga jiragen ƙasa na wasa ne, domin an fara ƙera motocin ne don a jera su a gefen dogo da tasha. Ƙaramar 404 tana da tsawon wajen meta 4,42, saboda haka a ma'aunin 1/43 ba ta wuce santimeta 10 da ɗoriya kaɗan ba, wato ta zauna cikin tafin hannu. A ma'aunin 1/18 kuwa takan kai kusan santimeta 25, ƙofofinta suna buɗewa, ana ganin inji da kujeru sosai. Babbar ta fi sauƙin aiki ga wanda idonsa ya fara rauni, amma ta fi tsada, kuma kowane kuskure a fili yake.

Duk abin da za a ƙara mata sai an raba shi da wannan adadi, kuma a nan ne ido ke yaudarar mutum. Bututun ƙarfe mai kaurin santimeta 2, irin wanda masu walda ke yin makarin kaya na bisa rufi da shi, a ma'aunin 1/43 bai kai rabin milimeta ba, wato kaurin siririyar wayar da ke cikin igiyar lantarki. Wanda ya yi amfani da wayar ɗaurin shinge, motarsa za ta fito da makari mai kaurin cinyar mutum. Lambar mota mai tsawon rabin meta takan koma milimeta 12. Fenti ma haka: idan kaurinsa ya kai rabin milimeta a jikin ƙaramar, daidai yake da a shafe motar gaske da santimeta 2 na laka, layukan ƙofa da na murfin inji duk su nutse. Saboda haka kayan aiki na farko su ne takarda da fensir da ma'aunin milimeta, kafin magagari da hantsaki.

Wadda za a taɓa da wadda za a bari

Faransawa sun yi fice a wannan ƙira. Kamfanin Solido ya fara a 1932. Norev kuwa ƴan'uwan gidan Véron ne suka kafa shi a Villeurbanne, kusa da birnin Lyon, a 1946, kuma sunan gidansu ne aka juya daga baya zuwa gaba. Ɗaya daga cikinsu, Émile Véron, shi ne daga baya ya kafa Majorette, mai ƙananan motocin da yara suka fi sani. Dinky Toys na kamfanin Meccano ne na Liverpool a Ingila, ya fara a 1934, yana kuma da reshe a Faransa wanda ya fitar da tasa 404 jim kaɗan bayan fitowar ta gaske. Masana'antar Liverpool ta rufe a 1979.

A nan akwai gargaɗi. Tsohuwar Dinky ta shekarun 1960 da ke da fentinta na asali, musamman in tana cikin kwalinta, abin nema ce ga masu tara irin waɗannan kaya, kuma ranar da aka kankare ta, darajarta ta tafi ke nan ba dawowa. Idan irinta ce aka tarar a cikin adakar tsohuwa, gara a share mata ƙura a bar ta yadda take. Wadda ta dace da aiki ita ce wadda yara suka riga suka gurje, ko kuma sababbin da ake ƙerawa a Sin masu araha, waɗanda galibi ma sun fi tsofaffin daidaito. Tsofaffin Norev na farko na roba ne, irin robar da kan lanƙwashe da daɗewa, zafin ƙasarmu kuma ba ya yi mata sassauci.

Jikin na ƙarfe kuwa zamak ne, wato tutiya da aka gauraya da alminiyum kaɗan da wasu ƙarafa. Yana da halinsa: ba ya jure lanƙwasa, karyewa yake, kuma darmar masu gyaran rediyo ba ta kama shi da kyau, sai dai gam. Akwai kuma wata cuta da ke kama tsohon zamak da aka narka da datti, musamman in darma ta shiga ciki. Jikin yakan kumbura, ya yi tsaga-tsaga kamar ƙasar fadama da rani, daga baya ya marmashe. Ba ta da magani. Duk motar da aka ga alamar haka a jikinta, a bar ta ko da kyauta aka bayar.

Abu na ƙarshe a wajen zaɓe shi ne a sami jikin da ya dace tun farko. Familiyal ta fi ƙaramar tsawo, tazarar da ke tsakanin ƙafafun gaba da na baya ma ta fi, don haka ba a mayar da wannan ta koma waccan da fenti kawai. Gwanaye sukan yanka biyu su haɗa guda, amma wannan aikin wanda ya ɓata motoci da dama ne kafin ya iya.

Neman shaida

Kafin a taɓa ƙarfe sai an tara shaida, kuma wannan sashe ya fi kowane cin lokaci. Hoto shi ne shaida ta farko. Amma hotunan zamanin baƙi da fari ne, kuma kusan kullum daga gaba aka ɗauke su, maigida ya jingina da ƙofa ya rufe rabin motar da babbar riga. Takardar mallaka, wadda aka fi sani da kart giriz, in ta tsira daga gara, tana ba da shekara da lamba. Tsarin lambobin motoci ya sauya fiye da sau ɗaya a ƙasar nan, saboda haka lambar da ke cikin hoto ko takarda ita za a kwafa harafi da harafi, kada a ɗauko tsarin yau a liƙa wa motar 1974.

Sauran kuwa a bakin mutane yake. Makanikin da ya saba kwanciya ƙarƙashinta ya san ko an ƙara mata tsawo, ya san gefen da aka yi wa walda. Karen mota ya san inda ake ɗaure taya ta biyu da inda ake rataya salka. Uwargida ta san launin kujeru, domin ita ta sayi yadin da aka rufe su da shi. Kowane ɗaya a tambaye shi shi kaɗai, domin in aka tara su wuri guda, maganar babba ce za ta rinjaya ko da shi ne ya fi mantuwa.

Launi shi ne babbar gardama. Wani zai ce fara ce, wani ya ce ruwan madara, wani ya rantse ruwan toka ce mai haske, kuma mai yiwuwa duka sun yi gaskiya, tun da motar da ta yi shekara goma sha biyar tana aiki ta sha fenti sau biyu ko uku, rana kuma ta ci nata. Don haka wajibi ne a tsayar da shekara guda, a ce motar kamar yadda take a shekarar da aka yi auren wance, ko shekarar da aka koma Tawa da zama. Wanda bai tsayar da lokaci ba yakan haɗa fentin farko da makarin ƙarshe, ya fito da motar da ba ta taɓa hawa hanya ba. Idan an daidaita a kan launi, a fesa shi a guntun gwangwani, a fitar da shi rana a nuna wa masu shaida. Masu aikin sun lura cewa launi guda yakan fi duhu a jikin ƙaramin abu, shi ya sa sukan ɗan haskaka shi da ɗigon fari.

Warwarewa da fenti

Tsofaffin motocin ƙusoshi biyu ne da aka dandaƙe ke riƙe gindinsu da jiki. Ana cinye kan ƙusar da abin huji a hankali, har gindin ya saki, daga baya a huda rami siriri a sa ƙaramin sukuru a madadinta. Sababbin da sukuru suke zuwa. Gilashi da kujeru da fitilu, duk abin da yake na roba, a ware shi cikin gwangwani mai murfi, domin maganin cire fenti yana narka roba nan take, kuma fitilar da ta faɗi cikin rairayin tsakar gida ta tafi har abada. Maganin nan yana ƙona fata kuma warinsa yana cutar da ƙirji, saboda haka a waje ake aikin, da safar hannu, nesa da yara da wuta. Bayan an wanke jikin ya bushe, sai a bi layin da zubi ya bari da ƙaramin magagari da takardar gurza mai laushi.

Fenti na fari shi ne na share fage, wanda ke sa launi ya kama ƙarfe. Bayansa a fesa launi sirara-sirara sau uku ko huɗu, ana barin kowane ya bushe. Yanayinmu yana da sharuɗɗansa a nan. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba, ƙwaya guda a bisa rufi tana fitowa kamar dutse, don haka a yayyafa ruwa a ƙasa kafin a fara, a kife kwali a bisa motar da zarar an gama. Da bazara kuwa, a watan Afrilu da Mayu, fentin yakan bushe a iska kafin ya isa ƙarfe, ya sauka da kaushi kamar gari. Sassafe ya fi, kafin rana ta ɗaga.

Ƙarafan ado masu walƙiya, na gefen gilashi da na tsawon jiki, ana yin su da siririyar takardar alminiyum irin ta cikin kwalin shayi, a yanka da sabuwar reza a danna da tsinken sakace. Lamba da rubutu ana tsara su a kwamfuta a buga a takarda marar kauri. Wajen mayar da gilashi kuwa a guji gam ɗin nan mai kamawa nan take, domin tururinsa yana sa gilashin ya yi fari kamar mai yanar ido. Farin gam na kafintoci ya isa, kuma yana bushewa garau.

Abin da Sochaux ba ta sa mata ba

Idan aka tsaya a nan, abin da aka samu mota ce ta titin Faris. Kat-san-kat ɗin da ta yi aiki tsakanin Yamai da Damagaram, wajen kilometa 900, ta sake kama tun watanta na farko a ƙasar nan, kuma hannun masu walda da makanikai na gida ne ya sake ta. Wannan sashe babu kamfanin da ke sayar da shi, sai mai aikin ya ƙera da kansa.

Da farko tsayuwarta. Motocin hanyar burji an ɗaga su don kada cikinsu ya riƙa dukan ƙasa, musamman ta baya, inda kaya ke danne su. A jikin ƙaramar, guntun kwali ko roba mai kaurin milimeta guda tsakanin gindi da sandar ƙafafu ya isa, tun da milimeta guda daidai yake da fiye da santimeta 4. Amma a yi tunani: idan za a ɗora mata kaya, to bayanta ya kamata ya ɗan zauna, domin babu wanda ya taɓa ganin familiyal cike da mutane da buhuna tana tsaye cak. Murafun ƙafafu masu walƙiya da kamfani ya sa, galibi gargadar hanya ta zubar da su tun da wuri, don haka a cire su in hoto ya nuna haka, a fito da notin.

Sai makarin kaya. Ana yin sa da siririyar wayar jan ƙarfe, wadda ita darma tana kama ta, kuma duk maƙerin farfaru da ya saba haɗa zobe da ƴan kunne zai gama shi cikin yini guda in aka ba shi awo. A ƙirga ƙafafunsa a hoto, a duba ko yana da tsani a baya. Tampol na bashe ana yin sa da takarda mai laushi ko tsohon ƙyalle marar kauri, a jiƙa da farin gam da aka tsinka da ruwa, a shimfiɗa bisa ƙarafan, a bar shi ya lotsa tsakaninsu kamar yadda na gaske ke yi. Yadin da ya yi kauri saƙarsa takan fito kamar igiya. Igiyar ɗaurin kaya zaren ɗinki ce da aka tsoma cikin ruwan shayi. Buhuna ana murza su da ƙullin gam mai taurara, tabarma da takarda, salka da guntuwar fata daga wajen dukawa. Jarkar mai da taya ta biyu da buta da ke lilo a gefe, kowace a wurin da karen mota ya ce, ko da mai aikin yana ganin wani wurin ya fi kyau.

Sa'an nan rubutun da ke jikinta. Kusan kowace motar haya tana da abin da aka rubuta mata a goshi ko a baya, addu'a ko karin magana ko laƙabin mai ita, da boko ko da ajami, kuma da wannan ake kiranta a tasha fiye da lambarta. Mai rubutun allo ne ya yi shi da hannu, haruffan ba su daidaita ba, wani lokaci har da harafin da ya faɗi. In hoto ya nuna shi, a ɗauki hoton rubutun a ƙanƙanta shi a kwamfuta, kada a sake tsara shi da haruffan inji masu kyau. Gyaran kuskuren mai rubutu a nan ɓarna ce, domin kuskuren ma na motar ne.

Tabo da ƙura

Masu wannan sana'a sun rabu biyu a kan mataki na ƙarshe. Wasu suna son motar ta fito fes kamar ranar da aka sayo ta. Wasu suna cewa a nuna ta yadda ta rayu, da lotsawar da saniya ta yi mata, da ƙofar da aka canja wadda launinta bai taɓa daidaita da sauran ba, da tsagar gilashi. Mai motar shi ke da hukunci, kuma ba kullum yake zaɓar abin da ƴaƴansa suka zata ba. Akwai tabon da mutum ke ba da labarinsa yana dariya, akwai kuma wanda aka samu ranar da aka yi rashi a hanya, wanda ba ya son ya riƙa ganinsa a ɗakinsa kowace safiya. Wanda zai yi aikin a matsayin kyauta ya kamata ya binciki wannan ta bakin uwargida ko wani amini kafin ya ɗauki magagari.

In an zaɓi a nuna aiki, to a yi shi da sauƙin hannu. Zamak ba ya lotsawa da duka, sai dai a ci wurin da magagari kafin fenti. Ƙura kuma ba ta zama ko'ina daidai: tana taruwa a bayan ƙafafu, a ƙasan ƙofofi da gilashin baya, tana barin inda abin share gilashi ke bi. Ana daka jar ƙasa a tankaɗe ta da ƙyalle, a shafa da busasshen buroshi, kaɗan-kaɗan, ana dubawa daga nesa. Launin ƙasar ma shaida ne, tun da jar burji ta kudu dabam take da farin rairayin hanyar Agadas. Mafi yawan masu fara aikin sukan zarce, motarsu ta fito kamar an tono ta daga kududdufi, alhali direbobin wancan zamani suna alfahari da wanke mota, kuma karen mota ba ya karya kumallo sai ya goge gilashi.

Idan an gama, wurin ajiya ya zama cikin akwatin gilashi mai rufi, nesa da taga, domin rana tana kashe launi kuma tana lanƙwasa roba. Tayoyin roba kan manne da katako mai fenti in sun daɗe, saboda haka akan sa ɗan tallafi a ƙarƙashin ciki don nauyin ya sauka a kansa. A ƙasan akwatin kuma a liƙa takarda da aka rubuta irin motar, lambarta, shekarar da aka saye ta da wadda aka rabu da ita, hanyar da ta fi bi, da sunayen direba da karen mota da makanikin da suka yi aiki da ita. A rubuta da fensir ko tawada mai kyau, domin ta biro takan dushe cikin ƴan shekaru.